Shuɗi Biyu a Hanoi

Na sauka Hanoi da dala ɗari uku cikin safa,
ɗari biyu a bayan fasfo,
da katin banki guda da na yi wa alkawari
ba zan taɓa shi ba sai rana ta ɓaci.

A shagon zinariya, tsoho Khiem
ya ɗaga takardata ɗaya sama, ya haska ta
kamar mai gwajin ƙwai,
ya ga ɗan tsagu a kusurwa, ya ture ta gefe.
Ashe kuɗi ma suna tsufa, a rage musu daraja.
Sauran ya danna a na'urar lissafi
ya juyo mini da fuskarta,
shi ne kaɗai harshen da muka haɗa.
Na fito da miliyoyi a aljihu,
ni da ban taɓa riƙe miliyan ba
sai a bakin fira.

Da dare na baje su kan gadon otal.
Na yanke sifiri uku, na raba, na ninka,
na mai da su dala, na mai da dalar kuɗin gida,
na ga kofin shayin safe ya ci kuɗin motar mako,
na sake, na ga bai kai ashana ba.
Lissafin dokin Rano.
Na kashe fitila, sifiran suna yawo a rufin ɗaki.

Rana ta huɗu na'urar bango ta tofo mini katina.
Saƙo ya shigo waya:
mun ga motsin da ba mu saba gani ba,
mun rufe don mu kare ka.
Daga wa? Ni ne motsin.

Tun daga nan kowane hannu ya zama abin zargi.
Ina ƙirga canji sau biyu a gaban mai shi,
ina tafe ina shafa ƙirji
kamar mai ciwon zuciya.

A bakin tafki wata tsohuwa, Thoan,
tana gasa masara kan ɗan murhu.
Ta ɗaga yatsu biyu: dubu ashirin.
Na zaro shuɗiya na miƙa,
na kutsa cikin kogin babura.

Sai ihu a bayana,
da faf-faf na silifa kan kwalta.
Na damƙe aljihu. Na ce to, ga ta nan,
an ga baƙo, farashi ya haihu.
Ta cafke gefen rigata tana haki,
ta buɗe mini tafin hannu da ƙarfi,
ta zaro wata shuɗiyar daga cikin nawa
ta jera su biyu,
ta bi sifiran da farcen da gawayi ya rina:
huɗu a nan,
biyar a nan.
Dubu ɗari biyar na ba ta.
Masara ashirin da biyar, kusan duk abin da ke kwandonta.

Ta ɗauki ƙaramar,
ta ninke babbar ta cusa mini a aljihun gaba,
ta buga wurin sau biyu tana faɗa,
irin faɗan da ba ya bukatar tafinta.
Na leƙa ƙetaren titi:
masararta na ƙonewa,
gwangwanin kuɗinta a buɗe, ba mai tsaro.

Na miƙa mata wani abu a kai.
Ta kore shi da hannu kamar ƙuda,
ta koma cikin baburan ba waiwaye.

Daren nan ban mai da komai dala ba.
Na zauna na lanƙwashe kunnen kowace babbar takarda,
na ware su nesa da ƙannensu,
na ci masarar a sanyaye.

Ran Litinin banki ya yafe mini laifin tafiya.
Na koma bakin tafki, na ɗaga yatsu biyu.
Kafin ta karɓi kuɗin
sai da ta kira maƙwabciyarta mai lemo
ta nuna ni, suka yi dariya har da riƙe ciki.